Mita ukun da suka rage

Shekara bakwai ina koyar da lissafi a Faskari, amma a gidanmu na Tafoki yayana Adnan ne masani, don shi ke da babbar waya.

Bara Baba ya ƙudura haƙa rijiya a gonarsa ta kan tudu, ya riƙa noman rani. Ita kaɗai ce gonarsa. Masu awon ruwa suka zo, suka ɗauki hanyar mota a matsayin sifili, suka rubuta masa lamba biyu: gona +4, ruwa −9. Wato gonar ta ɗara hanya da mita huɗu, ruwa kuma yana mita tara ƙarƙashin hanya.

Adnan ya danna waya, ya haɗa su, ya sami −5. Ya ce mita biyar ne, magana ta ƙare. Na ce ina, sai an sauko huɗu a iso daidai hanya, sannan a gangara tara, sha uku ke nan. Har zane na yi a ƙasa da tsinke. Baba ya dubi zanen, ya dubi wayar, ya ce inji ba ya ƙarya. Adnan ya ƙara da cewa nan ba aji ba ne. Na ja bakina na tsuke, raina a ɓace.

Mahaƙan wajenmu suna da ƙa'ida: in sun ninka zurfin da aka faɗa musu ba su ga danshi ba, sai su naɗe igiya, wurin ba ruwa. A mita goma suka fito. Na roƙi Baba a ƙara uku. Ya ce ramin ya riga ya cinye masa shanu biyu, ba zai ba shi na uku ba saboda zanen tsinke. Ya sayar wa maƙwabcinmu Alhaji Salim gonar da arha, kamar fako.

Alhaji ya sa aka ci gaba da haƙa. Kwana shida ruwa ya ɓullo. Yau albasa ce shar a wurin, Baba kuma shi ke yi wa Alhaji ban ruwa, ana sallamarsa da yamma.

Ran Asabar na kai wa Baba abinci can. Yana jan guga, bai ko dube ni ba, ya ce, "Hafiza, tunda kin sani, mi ya hana ki ɗaga murya?"

Har yau ban yafe masa wannan tambaya ba, ban kuma sami amsarta ba.