Birkin Ƙafa a Keken Matthew

Shekarar da soja suka koma bariki, hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga jikin rumfata ba, Matthew ya zo mini a ƙasa. A ƙasa fa, mutumin da shekara talatin ban taɓa ganin ya shigo Tudun Wada da ƙafa ba. Ni Ɗanjuma gyaran keke ne sana'ata, kuma a hannuna keken Matthew ya tsufa, tun yana aiki a masaƙa a Kakuri har ya yi ritaya.

Na ce, "Malam Matthew, ina dokin?"

Ya zauna a kan benci ya miƙo mini hannuwansa. Yatsun sun kumbura sun karkace, sanyin ƙashi ya ci su. Ashe ranar Lahadi yana dawowa daga coci ya matse birki, hannun ya ƙi, ya faɗa kwata. 'Yarsa Scholastica, wadda take aikin nas, ta wanke masa ciwon, sannan ta sa wa keken kwaɗo. Ta ce ya gama hawa.

Ya ce, "In ta raba ni da keken nan, Ɗanjuma, sai dai in zauna ƙofar gida ina ƙirga awaki."

Na yi dariya, amma wallahi tausayinsa ya kama ni. Na jawo akwatin tarkacena na zaƙulo wata tsohuwar cibiyar ƙafar baya, irin mai birki a ciki. Ba ruwanta da hannu. In ka juya feda baya, wasu ƙarafa su buɗe a cikinta su riƙe ƙafar. Da kaina na je Unguwar Sanusi na roƙi Scholastica arziki. Ta ba mu mako biyu, ta ce ranar Asabar ta biyu za ta zo ta gani da idonta.

Na warware cibiyar na wanke da kananzir, na canza boris, na cika ta da giris har yana fitowa ta gefe. Na cire birkin hannun gaba ɗaya don kada ya ruɗa shi. Sannan na nuna masa ɗan hannun ƙarfen da ya fito daga cibiyar, wanda ake ɗaurewa a jikin keken da noti.

"Ka ga wannan? Duk ƙarfin birkin a kansa yake sauka. Kada ka taɓa shi. Kuma kada in ji ka ɗura mata man keken ɗinki, giris take ci."

"Na ji, injiniya."

To, Matthew yana da wata ɗabi'a. In zai gaida mutum a hanya, sai ya ɗaga hannu yana wulwula feda baya, keke na tafiya, shi yana yanga. Yanzu kuwa da ya ce "Sannu Hajiya," sai keken ya ƙame, shi ya zame daga sirdi. Matthew kuma ba wanda bai sani ba. Ranar farko, tafiyar minti goma ta ci masa awa guda, don tunda ya tsaya, dole ya tambayi yara da gajiya. Amma ya koya. Kafin mako ya ƙare yana taka birkin a hankali, yana tsayawa daidai bakin bencina yana jiran in yaba.

Abin da ya ɓata mana aiki tsabtarsa ce. Ana jibi Asabar ya zauna goge keke, sai ya ga notin nan ya yi tsatsa, bai dace da fentinsa ba. Ya kwance shi ya jiƙa a kananzir. Hannun ƙarfen kuma ya ɗaure shi da robar tsohon tub, yadda kowa a garin nan yake ɗaure komai, daga famfo har ƙyauren kaji.

Ranar Juma'a da hantsi ina cikin faci, sai na hango shi ya gangaro. Ya taka birki, robar ta tsinke, ƙarfen ya wulwula. Ya wuce rumfata a guje, zaune ƙyam, har da ɗaga mini hannu.

"Ɗanjuma, ina zuwa."

Tulin yashin masu gini ne ya karɓe shi. Ko ƙwarzane bai yi ba. Ni kuwa da na ga robar, raina ya ɓaci ƙwarai.

"Kai yanzu da furfurarka, ranka za ka rataya a robar tub? Me na gaya maka?"

"Ai na ninka ta huɗu."

Na sa sabon noti na ɗaure har sifana ta yi mini shaida a tafin hannu. Sai dai labari ya riga mu isa gida, don rabin unguwa sun je yi masa jaje.

Ranar Asabar Scholastica ta zo da fararen kayan aikinta, fuska ba annuri. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baba Ɗanjuma, ku yi haƙuri. Ba zan jira a kawo mini shi asibiti ba."

Na ce, "'Yata, laifin roba ne, ba na ƙafarsa ba. Hannun ne ya gaji. Ƙafar nan ta fi tawa."

"Ni ban yarda da birkin da ido ba ya gani ba. Ku kawo in gwada."

Ta tattare siket ta hau. Ta yi keke tana makaranta, don haka ta tafi sumul. Sai da ta juyo ta kama gangara ta kai yatsu inda birki yake zama, ta damƙi iska. Na ga idonta ya fito. Ta nufi yashin jiya sak. Ni na daskare da sifana a hannu.

Matthew ya taka tsakiyar hanya, bai ko ɗaga murya sosai ba.

"Schola, bar hannun. Dube ni. Mayar da ƙafar dama baya. A hankali, kada ki danna da ƙarfi."

Keken ya lafa, ya lafa, ya tsaya ƙafar gaba na shafar wandonsa. Ya dafe kan keken da waɗannan karkatattun yatsun. Ta daɗe tana kallonsu tana haki.

Can ta sauka ta karkaɗe siket, ta dubi agogo.

"Na makara. Baba, za ka iya ɗaukata zuwa bakin titi?"

"Yaushe na daina iyawa?"

Ta zauna a kariyar bayan keken ta gefe, mace mai 'ya'ya uku, ta riƙe bayan rigarsa. Na tsaya ina kallonsu suna gangarawa. A mahaɗar hanya wata tifa ta ratso, na ga dugadugin Matthew ya koma baya, keken ya rage gudu har tifar ta wuce. Scholastica ba ta sauke ƙafarta ƙasa ba.