Jarkar Auta

Sana'ata ɗinke jarka da buhu. Masu tsallaka sahara su saya, su jiƙa buhun, ruwa ya yi sanyi. A jikin mota ake ɗaure jarkokin. Mutane kuwa a kan kaya suke zama, ƙafafu na lilo, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa. Wanda ya faɗo, sai dai Allah ya ji ƙansa, don direba ba ya tsayawa.

Ba abin da ban gaya wa ƙanena Auta ba, amma yaron nan kunnen ƙashi gare shi.

"Haba Yaya! Da tafiyar mutane kike cin abinci, ni kuma ki hana ni?"

Ya kashe min baki. Ina faɗa ina hawaye na ɗinka masa tasa, buhu biyu na sa mata. Inna ta yage bakin shuɗin zaninta, ta naɗe hannun jarkar don kada ya ci masa tafi.

Direbobi kan dawo min da jarkokin da matafiya suka bari, in sabunta su. Jarka wofi albishir ce a wurinmu: mai ita ya sha, ya kai. Shi ya sa tun da Auta ya tafi, Inna ta tare a shagona, wai tana taya ni warware zare.

Ran nan da hantsi wani direba ya zube min kaya a ƙofa. Na hango shuɗin ƙyalle, na kai hannu da murna, sai na ji jarkar da nauyi.

"Wannan fa?"

"Ta wani ce da gyangyaɗi ya kwashe, ya faɗo tun farkon hanya."

"Kuma ba ka tsaya ba, marar imani?"

"Baiwar Allah, in na tsaya yashi ya riƙe taya, mu duka ne za mu mutu."

Wallahi da almakashi na kusa, da Allah kaɗai ya san abin da zan yi. Na tura jarkar bayan buhuna da ƙafa, amma ina! Uwa ta san zaninta.

Inna ta taso, ta jawo ta, ta ɗaga da hannu biyu. Ruwan ya motsa a ciki. Ta daɗe tana shafa ƙyallen.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Ashe ɗana ko sha bai yi ba."