Kusurwar da Baba Tokubei Ya Yanke

Shekara goma sha tara ina zana wa Malam Rinsai igiyar ruwa da ganye da gefen riguna, shi kuma ya zana fuska ya sa sunansa. Ban taɓa ƙorafi ba, ai haka koyo yake. Da hannunsa ya fara rawa bara, sai ya kira ni ya ce, "Otane, zana naki tun daga farko har ƙarshe. Sunanki ne zai fita a kai."

Wata uku na yi ina zana mata masu wanki a bakin kogin Sumida. Na sa sunana a kusurwar hagu, na kai wa Baba Tokubei mai sassaƙa da hannuna. A gabana ya shafa ƙullun shinkafa a katako, ya kifa zanen, ya murje bayan takardar har layukan suka fito. Daga nan wuƙarsa za ta cinye takardar kaf, katakon kaɗai zai rage, da shi za a buga hotunan.

"Wannan gashin matan naki sai ya makantar da ni," in ji shi.

"Haba Baba, ba kai ke cewa idonka na saurayi ne ba?"

Ranar da aka rataye hotunan a shago, na sa rigata mai kyau na tafi. Mutane sun yi cincirindo suna yabo. Na kutsa gaba, na dubi kusurwar hagu. Shinkichi aka rubuta, mijin 'yar Malam, wanda in ya zana kaza sai an tambaye shi wace dabba ce.

Na sami Malam yana shan shayi hankali kwance.

"Malam, ka yi mini alkawari."

"Shinkichi ne zai gaji gidan nan, dole gari ya san shi kafin in mutu. Ke ai ta gida ce."

"Zan faɗa wa kowa nawa ne!"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ki nuna musu zanen mana."

Raina ya ɓaci har na kasa kuka. Na wuce wurin Baba Tokubei, mutumin da nake kai wa romon kifi duk sanyin duniya. Katakon yana gabansa. An ƙwaƙule kusurwar, an cusa wani guntu, an goge har da ƙyar ake ganin haɗin. Aiki ne mai kyau, shi ya fi ƙona ni.

"Baba, kai ka yi?"

"An sa ni, 'yata."

"To zo mu je ka faɗa a shago."

Ya ɗauki wuƙarsa yana wasawa. Can ya laluba hannun rigarsa, ya ajiye mini wani abu a tafin hannu ba tare da ya dube ni ba. Guntun katako ne, bai fi farcen babban yatsa ba, sunana a kai a juye. Har ya gama sassaƙa shi, tsaf, kafin ya yanke.