Adireshin Injin Gauraya

Maliki ne ya fara ambaton sunan matarsa a ofishin Alhaji Tukur, ba tare da an tambaye shi ba.

Alhaji Tukur yana da masana'antar abincin kaji a hanyar Mando, Maliki kuma shi ne injiniyan da ke kula da injinanta tun ana ɗora mata rufi. Manyan injina uku ne: mai niƙa, mai gauraya, da mai curawa wanda ke fito da abincin ƙanana-ƙanana, sai sikelin da ke auna masara da waken suya. Kowanne yana da tasa 'yar ƙwaƙwalwa a cikin akwatin ƙarfe, wadda ake kira PLC, ita ke ba shi umarnin tashi da tsayawa. Sai dai kowace zaman kanta take yi. In Alhaji yana son sanin buhu nawa aka fitar, ko dalilin da mai niƙa ya yi shiru, dole a nemo Maliki ya buɗe akwatin ya jona kwamfutarsa.

"Na gaji da aike," in ji Alhaji ranar. "So nake in zauna a nan in ga komai. An ce ana haɗa su da kebul su riƙa magana da juna. Za ka iya, ko mu kira 'yan Legas?"

"Ranka ya daɗe, ba sai an je Legas ba. Maiɗakina abin da ta karanta ke nan."

Gaskiya ya faɗa. Lubna ta karanci haɗa kwamfutoci a Zariya, ta ɗan yi aiki a wani banki, ta ajiye lokacin da ta haifi Safiya. Tun daga nan aikinta bai wuce gyara wa maƙwabta waya da intanet a Badarawa ba. Da ya kai mata labari tana tsaye a kicin, sai ta ajiye ludayi ta tsura masa ido.

"Abban Safiya, da gaske kake? Ni ban taɓa taɓa PLC ba."

"Ni na taɓa. Ke ki ja kebul ɗinki, sauran ki bar mini."

Makonnin farko sun yi masa daɗi. Tare suke fita da safe, su sauke Safiya a makaranta, su bi ta Kawo. A mota yake yi mata bayani, tana rubutawa a bayan tsohuwar takarda. Ya nuna mata inda zafi yake, inda ƙurar masara ke taruwa, inda ɓeraye ke cin waya. Ta sa aka ja shuɗin kebul a cikin bututu nesa da wayoyin wuta, ta kafa suwic a akwati mai makulli, shi ne mahaɗar da duk kebul ɗin ke taruwa. Ta ba kowace PLC lambar adireshinta. Ta kuma raba layin injina da na ofis, don kada wayar wani magatakarda mai kallon ƙwallo ta shiga hanyar mai niƙa.

Ranar da allon ofishin Alhaji ya fara nuna nauyin da ke kan sikeli, lamba tana hawa daidai lokacin da masara ke zuba a can ƙasa, Alhaji ya miƙe tsaye da carbinsa a hannu.

"Ikon Allah! Injiniya, zo ki sake nuna mini."

Maliki ya riga ya ɗaga ƙafa kafin ya ji ƙarshen maganar. Ki, ba ka ba. Ya mayar da ƙafarsa, ya yi murmushi tare da kowa.

Daga nan abin ya yaɗu. In lebura ya ce a kira Injiniya, sai a tambaya, "Wanne?" Ba a daɗe ba aka daina tambaya. Wani direban tirela da ya zo ɗaukar kaya ya gaishe shi da fara'a, ya ce, "A'a, kai ne mijin Injiniya? Sannu da ƙoƙari." Maliki ya amsa gaisuwar, ya shiga ɗakin janareto ya daɗe yana duba man da ya riga ya duba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne an daina nemansa. Da can wayarsa ba ta hutawa, har yana ƙorafi. Yanzu Alhaji kan dubi allo ya kira mai kula da layi kai tsaye. Baƙi kuwa, in sun zo, ofis ake kai su a nuna musu lambobi suna motsi. Babu wanda ke sauka ya ga akwatunan da Maliki ya ɗaure wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Ya san duk abin da ke kan allon nan daga cikin shirin da shi ya rubuta wa injinan yake fitowa. Lubna ma ta sani, kuma tana faɗa.

"Alhaji, ai Abban Safiya ne ya tsara komai. Ni hanya kawai na buɗe."

"Kin ji ki da kawaici," Alhaji kan ce, yana dariya. "Maliki, ka iya zaɓe."

A gida ya rage magana. In ta ɗauko zancen aiki wajen cin abinci, sai ya ce a bari a ci tuwo cikin kwanciyar hankali. Wata rana ya ji ta a waya tana yi wa yayarta bayanin yadda injina ke gaisawa, tana dariya irin wadda ya daɗe bai ji ba. Ya so ya ji daɗi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana neman daɗin a ransa, bai same shi ba.

Inji ɗaya ya rage, mai curawa. PLC ɗinsa tsohuwa ce, ba ta da ramin da kebul ke shiga, sai an sa mata wata 'yar na'ura da za ta riƙa fassara tsakaninta da suwic. Na'urar ta iso ranar Juma'a. Lubna ta ce sai Litinin, domin Asabar akwai suna a gidan yayarta a Unguwar Dosa.

Da safiyar Asabar Maliki ya kai su gidan sunan, ya ce zai leƙa wajen aiki. Ranar gyara ce, injin gauraya a kashe ana wanke shi. Ya ɗauko na'urar daga kwalinta. Ya ga yadda Lubna take yi sau da yawa, kuma shi ba baƙon waya ba ne. Ya ɗaura, ya jona, ya buɗe kwamfutarsa. Da aka zo wajen adireshi, ya tuna jerin lambobin yana cikin wayar Lubna. Kira ɗaya ne. Ya ɗauko wayarsa, ya dubi sunanta, ya mayar aljihu. Ya ƙirga injinan a ka, ya sa lambar da yake ganin ita ce ta gaba.

Fitila ta yi kore. Ya hau ofis ya ga zafin injin curawa ya fito a allo. Ya zauna a kujerar baƙi shi kaɗai yana kallo, ransa fes. Ya riga ya tsara yadda zai faɗa ranar Litinin, a gaban Alhaji, kamar ba komai ba: "Wannan? Ai na ƙarasa shi tun shekaranjiya."

Litinin ta zo, Safiya ta tashi da zazzaɓi. Lubna ta ce ya wuce, za ta biyo shi in sun dawo daga asibiti. Aka tayar da layi. Mai niƙa ya ɗauka, sikeli ya auna, aka zuba wa injin gauraya cikinsa fal. Yana cikin juyawa sai ya yi wani gurnani ya tsaya cak. Aka sake tayarwa, ya ɗan juya, ya sake tsayawa. A allon ofis lambobinsa suna ɓacewa suna dawowa, wani lokaci ma zafin injin curawa ne ke fitowa a gurbinsu.

Maliki ya buɗe akwati ya bi wayoyi. Ya duba fis, ya duba motar da ke juya injin, ya duba bel. Komai lafiya. Gumi ya jiƙa masa riga. A waje motocin masu gonakin kaji sun yi layi har bakin titi, direbobi suna ta danna hon. Can cikin ransa wani abu yana gaya masa inda matsalar take, shi kuma yana ƙin saurara, yana ƙara kwance abin da bai lalace ba.

Alhaji ya sauko da kansa, babbar riga a kafaɗa.

"Ina Injiniya?"

"Tana asibiti da yarinya, ranka ya daɗe. Ina kai."

"Na ga kana kai. Kira ta."

Ta iso a Keke mai ƙafa uku, da jakar magani a hannu, ta bar Safiya wurin maƙwabciya. Ba ta je wajen injin ba. Akwatin suwic ta buɗe, ta jona kwamfutarta, ta shiga karantawa. Sai ta bi wani sabon kebul da ido har zuwa injin curawa, ta ga na'urar a ɗaure, an naɗe wayoyinta tsaf irin naɗin da ta sani. Ta ɗago ta dubi mijinta. Shi kuma ya dubi ƙasa.

Ta zare kebul ɗin, ta ce a tayar. Injin gauraya ya juya, ya ci gaba da juyawa.

"Mene ne?" in ji Alhaji.

"Inji biyu ne suka samu adireshi ɗaya, Alhaji. In sikeli ya yi kira, su biyu ke amsawa, shi ya sa mai gauraya ya rikice ya tsaya. Yanzu zan canza wa ɗayan."

"Garin yaya?"

"Aikin bai ƙarasa ba ne. Da ma yau za mu kammala."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya juya wajen leburori. "Kun gani? Tun safe ake fama, ta zo ko zama ba ta yi ba."

A hanyar gida, bayan sun wuce gadar Kawo, Maliki ne ya fara magana, idonsa a kan titi.

"Wa ya ce ki rufa mini asiri?"

"Au, so kake in tona?"

"Da kin faɗa. Da kin ce shi ne, kowa ya ji. Yanzu kin gyara inji, kin kuma yi wa miji sutura. Lada biyu."

Ta juyo gaba ɗaya. "Abban Safiya, me na yi maka? Kai ka kai sunana. Kai ka ce in zo."

"Na ce ki zo ki ja kebul."

"To na ja. Laifina ne da ya yi aiki? Shekara nawa ina zaune ina saita wa matan unguwa waya? Kai kullum ana kiranka, ana nemanka. Ni sau ɗaya aka ce na iya wani abu, shi ne ka kasa haɗiyewa. Lambar nan tana wayata. Da ka kira ni, ko ina tsakiyar rabon waina zan karanta maka."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce ya tsaya a kemis akwai maganin da ba a samu a asibiti ba.

Washegari ya shiga ofis kafin a tayar da layi, ya gaya wa Alhaji cewa shi ya ɗaura na'urar ranar Asabar, shi ya sa lambar. Alhaji ya cire tabarau ya dube shi.

"Na zata. Ita ba ta aiki rabi da rabi." Ya mayar da tabarau. "Kada ka sake taɓa layin nan ba da saninta ba. Ita ma ba za ta taɓa maka akwati ba da saninka ba. Shi ke nan, je ka." Har Maliki ya kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Af, Alhaji Mamman mai shinkafa na Zariya ya ga allon nan. Yana son irinsa. Na ba shi lambarta."

Maliki ya ce, "Madalla." Kalmar ta fito da ƙyar, kamar an matso ta.

Aikin Zariya ya tabbata bayan sallah. Kwana uku za ta riƙa yi a can duk mako, tana sauka gidan ƙanwar mahaifiyarta. Ta tambaye shi ko ya amince, ta kuma ce in bai amince ba ta haƙura, amma ya faɗa mata da baki, kada ya ce to alhali fuskarsa tana cewa a'a. Ya kwana biyu yana juya abin. Ya san in ya hana, babu wanda zai zarge shi a fili. Ya kuma san dalilin da zai sa ya hana, kuma ba dalilin da zai iya faɗa wa kowa ba ne. Ya ce ta je.

Shi ya kai ta tashar Kawo, ya saka mata naɗin kebul da jakar kayan aiki a but. Mota ta tashi, ya koma wajen aiki.

Wajen azahar wayarsa ta yi ƙara yana cin shinkafa da wake a gindin bishiyar mangwaro. Ita ce. Bayanta ana jin ƙarar injina.

"Abban Safiya, na buɗe akwatinsu. PLC ɗin ba irin taku ba ce, kuma wanda ya rubuta shirin ya bar aiki, babu wanda ya san me ke ciki. Na ɗauki hoto. Za ka duba mini?"

Wani daɗi ya taso masa, mai ɗumi, har ya ji kunyar yawansa. Ya ture kwanon gefe.

"Turo in gani. Kada ki taɓa komai tukuna."

"Ban taɓa ba."

"Mai wurin yana nan kusa?"

"Yana ofis. Me ya sa?"

Ya buɗe baki zai ce ta gaya wa mai wurin cewa shi ta tambaya, sai ya fasa. "Ba komai. Turo hoton, ki ɗauko har da lambar da ke jikin murfin."