Ƙwaryar Farko

Ranar kasuwar Wara, shekara biyu da yanke Jihar Kebbi, Grace ta sauko daga ƙauyensu na kan tudu da ɗanta Ɗanladi a goye, ga ciki wata biyar. Yaron ya kai shekara huɗu, amma in ka gan shi sai ka ce biyu. Ta zaunar da shi gaban Malam Mamman, ma'aikacin ɗakin shan magani.

"Malam, takarda nake so ka rubuta mini, cewa mutum ne."

Mamman ya ɗago kai. Ta ce mijinta Andarawus da uwarsa sun yanke cewa yaron ɗan ruwa ne. Ba ya magana, ba ya barci, ƙarar turmi ma sa shi ihu take yi. Jibi za su ajiye shi bakin tafki su juya baya, ruwa ya karɓi abinsa.

Mamman ya zagaya kan yaron da zaren awo. Ya dubi ƙananan idanun, da siririn leɓen sama, da tsakanin hanci da baki, sumul babu kwari. Ya taɓa ganin irin fuskar nan a wata tsohuwar mujallar likitoci, lokacin da yake aiki a Yelwa.

"Mi kike yi na sana'a?"

"Burukutu nake dafawa."

"Kina sha?"

"Haba Malam, ni ba mashayiya ba ce. Ƙwaryar farko kawai."

Ya san al'adar. A kan tudu ba mai kai bakinsa tukunya sai mai dafawa ta fara sha a gaban kowa, a ga babu sammu.

"Tukunya nawa a rana?"

"Huɗu. Ranar kasuwa shida."

"Har da cikinsa?"

"Har ranar da na haife shi. In ban sha ba, wa zai sha?"

Mamman ya daɗe yana juya biro. In ya rubuta cewa mutum ne kawai, uwar mijin za ta tambayi dalili. In ya rubuta dalilin, ya san inda idanu za su koma.

"Abin da kika sha, shi ma ya sha," ya ce. "Ba ya warkewa. Amma zai koyi abubuwa in an bi shi sannu, wuri shiru, magana ɗaya-ɗaya. Ki riƙa kawo shi duk wata. Daga yau kuma ko kurɓi kar ki yi, saboda na cikin."

Grace ta dafa cikinta.

"In na rubuta haka za su bar yaron," ya ƙara. "Ke za su kama."

"Inna ce ta miƙa mini ƙwaryar da hannunta, ranar da aka kawo ni gidan," ta ce, tana nufin uwar mijin. "Ba za ta tuna ba." Ta gyara wa yaron riga. "Rubuta da Hausa, yadda malamin coci zai karanta musu."

Ya rubuta. Ta ƙulle takardar a gefen zani ta fita. Hanyar tudu ta bakin tafkin take bi, Mamman ya tsaya a ƙofa har suka shuɗe ruwan.

Da wata ya zagayo, tun safe ya ajiye zaren awo a kan tebur. Sai bayan la'asar ta shigo, Ɗanladi a bayanta, ƙullin kayanta duka a ka, ƙafafunta sun kumbura. Bai tambaye ta inda za ta kwana ba tukuna.

Ta sauke yaron ta ce, "Auna shi, Malam."