Tsuntsun da Tela Ta Ɗinka

Shekara talatin da ɗaya Tela ta yi tana yi wa mijinta tsiya a kan tsuntsaye. Mutum ya yi kwana shida yana tuƙa bas, ranar hutu ɗaya tak, maimakon ya miƙe ƙafa sai ya rataya madubin hangen nesa ya nufi bayan tashar jirgin ƙasa, wai kallon abin da bai ma san da zamansa ba. Su uku ne masu wannan lalurar: shi Direba, da Mai Agogo, da wata malamar lissafi. Suna da doka guda, wanda ya ga tsuntsu ba ya faɗin sunansa, sai dai ya siffanta shi daga kai har wutsiya, sauran su raɗa masa suna. Da a kan benci suke yi, yanzu kuwa ta saƙon murya a waya. A raɗin suna babu mai kama ƙafar Direba.

Sai idon Direba ya fara tafiya. Likita ya ce jijiya ce, ba yanar ido ba ce balle a cire. Wata uku Direba bai buɗe saƙon abokansa ba. Ranar Alhamis ya goge madubin, ya naɗe shi a tsohuwar rigar aikinsa, ya ce jibi Mai Agogo zai zo ya ɗauka.

Tela ta tsorata. Ta san mijinta, in madubin nan ya bar gidan, abin da zai rage mata mutum ne a kan kujera yana jiran dare.

Washegari da safe ta fita barandarsu ta hawa na uku shanya kaya. An yi yayyafi da asuba, tururi na tashi a hankali daga layin dogo, taragu na tsaye kamar masu gyangyaɗi. Direba na zaune a bakin ƙofa, naɗin rigar a cinyarsa.

"Kai! Maigida, ga wani irin tsuntsu a kan tankin ruwa."

Babu komai a kan tankin sai tsatsa. Ta fara cizon yatsa. Can ya ɗago kai.

"Kada ki faɗi suna."

"Ni ina na san sunansa?"

"To fara daga kai."

Ta lumshe ido. Maganganun da ya yi ta zubawa shekara da shekaru tana taka keken ɗinki suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ce yana da tukku ruwan ƙasa, yana buɗe shi kamar mafici, bakin kowane gashi baƙi. Ta ce wuyan dogo ne, ya lanƙwashe shi a kan ƙirji. Ya ce ƙafafun fa? Ta ba shi ƙafafu zara-zara. Zance ya yi daɗi, har ta fara ganin tsuntsun tsaye cikin tururin, ruwa na ɗiga daga fukafukansa, yana kallonta da ido ɗaya. Ta ƙarasa masa da wutsiya mai baki biyu irin na almakashinta.

Direba ya tuntsire da dariya, irin wadda rabon gidan da ita tun kafin zuwa asibiti. Sai da ya share hawaye.

"Tukkun alhudahuda, wuyan zalɓe, wutsiyar tsattsewa. Haba Tela! Wannan ai ba ganinsa kika yi ba, ɗinka shi kika yi da ƙyallaye."

Kunya ta kama ta, ta juya tana matse zanen gadon da ta riga ta matse. Dariyar tasa ta lafa.

"Ashe kina ji?"

"Keke ne ke ƙara, ni kunnena lafiya lau."

"Bakin tukkun nan sau ɗaya na taɓa faɗa miki. Shekarar da aka haifi auta."

"Na sani," ta ce.

Ya warware rigar, ya miƙo madubin wajen da muryarta take. "Yanzu duba da gaske. Abin da yake nan, ba na kanki ba."

Ta kafa shi a ido, sai duniya ta gudu can nesa, tankin ya koma kamar murfin kwalba. Ya lalubo hannunta, ya ji ta riƙe shi a juye, ya gyara mata yana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau bene ba zai hango ba. Ta ce shekara biyu kacal ya ba ta, kada ya cika baki.

Sai wayar lantarki ta taso har gaban hancinta, da ɗigon ruwa jere a jikinta, da wata 'yar tsuntsuwa zaune ta kumbura gashi. Irinta Tela ta kora daga barandar nan ba adadi, amma yau ta fara ganinta. Kan ja-ja ne mai laushi, a ƙirji akwai ɗige-ɗigen baƙi kamar an yi mata aikin hannu da zare siriri, gefen fiffike kuma toka-toka mai shuɗi. Tana faɗa yana tambaya: idon fa, ƙafar fa, ina ta juya? Fuskarsa na sama, idanunsa a rufe. Tela ta gane tun kalmar farko ya san kurciya ce, jan zancen yake don ya ƙara kallonta.

Da tsuntsuwar ta tashi, ya ce a miƙo masa waya, a danna masa wurin magana.

"Mai Agogo, gobe ka zo mu gaisa, amma madubi ya yi mai shi. Malama, ki kasa kunne, mun yi sabuwar ɗaliba. Sai dai ku riƙa bincikar ɗinkinta."

Ya kai wayar saitin bakinta.

"Tela, fara daga kai."