Takalman Baba Fannami

Wasa uku 'yan Bakin Kogi suka buga tun da aka buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Haɗeja a kakar 1955, kuma duk ukun kashi suka sha. Malaman makaranta sun zura musu huɗu. Mahauta, waɗanda rabinsu tumbi ya hana su ganin yatsun ƙafarsu, sun ci su biyu da nema. Har 'yan Guri, da bara suke tambayar ko ana iya cafe ƙwallo da hannu in ta taso sama, sun zo har gida sun yi musu ɗaya mai ban haushi, suka koma suna kiɗa a cikin kwale-kwale.

Inuwa ne kyaftin ɗin ƙungiyar, kuma masunci ne kamar sauran 'yan wasansa goma. Bara su suka zo na biyu a gasar, ba wanda ya sa ko silifa a cikinsu. Mutumin da ya tashi yana taka laka da ƙayar kifi tun daga yaye, tafin ƙafarsa ya fi ƙirgi tauri, me zai yi da takalmi? Bana kuwa in ya ratsa kasuwa da kwandon tarwaɗa sai ya ji an ce, "Kyaftin, nawa za a ba baƙi ran Asabar?" Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya san dalilin wannan faɗuwa sarai, duk garin ma an sani, amma ba shi da bakin faɗa.

Takalman surukinsa ne suka jawo.

Baba Fannami dillalin gyaɗa ne, uban Saude matar Inuwa. Bara ya je kallon wasan ƙarshe da su Inuwa suka yi da akawunan kamfanonin gyaɗa na garin Malam Madori, ya ji da kunnensa wani akawu mai farin wando yana cewa a kwaro wa agwagin fadama ruwa su yi iyo, ƙwallo ba ta marasa takalmi ba ce. Maganar ta tsaya wa tsohon a rai shekara guda cur. Shi da ya yi samartakarsa yana kora jakuna zuwa Nguru ƙafa ba takalmi, ya san yadda masu takalmi ke kallon mutum. Damina na ɗaukewa ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, ya dawo da buhu biyu cike da takalman ƙwallo, na mutum goma sha ɗaya.

Sai dai Baba Fannami ya sayi takalmi ne yadda yake sayen riga. A wurinsa kyautar mutunci ita ce wadda ta yi wa mutum yawa. Wa ya taɓa ba wanda yake ganin girmansa matsattsiyar riga? Don haka ya ce wa mai kanti ya zaɓo masa mafi girma da ke cikin kantin, duka goma sha ɗayan. Da aka zazzage buhunan a zauren gidansa, Gwadabe gola ya zura ƙafa a ɗaya, ya ga saura wurin da ɗan tsako zai kwana. Suka durƙusa suka yi godiya, suka yi addu'a Allah ya ƙara arziki. Me za su ce?

Suka cusa tsumma da auduga a bakin takalman, suka ɗaure da igiyar kaba a kan maɗaurin. A wasan farko takalmin Bakari, ɗan wasansu na gaba, ya riga ƙwallo isa raga. Ƙasar fadama in ruwa ya janye ta bushe sai ta yi tauri, ƙusoshin da aka kafe duga-dugan takalman da su kuwa suka riƙa hudowa ciki suna sukar mutum. Inuwa, wanda bara yake juya ƙwallo da babban yatsa ya wuce mutum uku, ya koma yana jan ƙafa kamar wanda aka ɗaura wa turmi. Shi kuwa mai kyautar bai ga ko ɗaya daga wasannin ba, yana Birniwa wajen awon gyaɗa. In labari ya kai masa sai ya ce yara ne ba su saba ba tukuna, a ƙara haƙuri.

Ran Talata da hantsi Malam Kolo, sakataren gasar, ya tsayar da kekensa a bakin kogi inda Inuwa ke ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Ko sauka bai yi ba.

"Kyaftin, ka san ƙa'ida. Ƙungiyar da aka ci sau huɗu a jere, cire ta ake yi. Teloli sun daɗe suna neman gurbi."

"Teloli!" in ji Inuwa. "Malam, mu da muka share filin nan da hannunmu, muka sare ƙaya muka kafa itacen raga, mu za a cire a sa teloli?"

"Ni takarda nake bi. Ran Asabar akawunan Malam Madori za su zo. In sun ci ku, shi ke nan." Ya ɗan leƙa ƙafafun Inuwa, ya yi murmushi. "Ba dokar da ta ce sai da takalmi, ka sani ko?"

Ya sani mana! Wannan ne ma abin haushin. Ba Bature ne ya tilasta musu ba, ba alƙalin wasa ba, ba takarda ba. Da ɗaya daga cikin waɗannan ne, da Inuwa ya tsaya ya zazzaga masa abin da ke cikinsa. Amma suruki? Mutumin da ko sunansa ba ya iya faɗa, wanda in ya hango shi tafe sai ya saki hanya ya tuɓe takalmi ya durƙusa? Shekara shida da auren Saude, maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa da amin ba. Yanzu ya je ya ce masa kyautarka ce ta kashe mu?

Da azahar ya koma gida yana ɗingishi. Saude ta zaunar da shi a inuwar rumfa, ta ɗauko man kaɗanya tana shafa masa a inda ƙusa ta huda.

"Ke 'yarsa ce," ya ce. "Ki faɗa masa."

"In ce masa me? Baba, mijina ya ce ba ya son kayanka?"

"Ki ce sun yi yawa!"

"Ai da gangan ya sayo su da yawa, don ya girmama ku. Ka san abin da ya ce wa Umma? Ya ce yanzu ko ya mutu ya huta, ba wanda zai sake yi wa 'ya'yan unguwar nan dariyar ƙafa." Ta matsa ciwon, ya yi tsaki ya janye. "Kuma ya aiko. Ya gama awo, ran Asabar zai zo kallo da kansa. Ya ce a kai masa kujera bakin fili."

Inuwa ya miƙe tsaye, ciwon ma ya manta da shi. Wato ba a bar su sun sha kunyarsu a ɓoye ba, sai mai takalman ya zo ya zauna ya ga an kore su daga gasa a cikin takalmansa! Ya fita ya bar tuwon a rufe. A bakin kogi Gwadabe ya kawo shawarar a jefa buhunan a ruwa a ce kada ya ja. Bakari ya ce a ce ɓarayi. Inuwa ya daka musu tsawa, ya ce tsohon zai sake hawa jirgi ne ya sayo waɗanda suka fi waɗannan girma. Haka suka watse ba shawara, kowa na ƙunƙuni.

Ran Asabar bayan la'asar fili ya cika. Akawuna suka sauko daga motar kamfani da fararen safa har gwiwa, kowa takalminsa daidai ƙafarsa. An ajiye wa Baba Fannami kujera a daidai tsakiyar layi, ya zauna cikin babbar riga shuɗiya, yana ta kallon ƙafafun yaransa, fuskar nan tasa fal farin ciki. Inuwa ya gan shi, haushi ya ƙara turnuƙe shi, don ba abin da ya fi ciwo kamar ka ji haushin mutumin da ke murna da kai.

Kafin a busa usur suka je gaishe shi. Ba wanda ya shirya komai. Taku biyar kafin kujerar, Inuwa ya sunkuya ya kwance igiyar kaba ya zare takalmansa, yadda ya saba yi duk inda ya ga surukinsa. Sauran goman suka yi yadda ya yi, suka jera takalman suka durƙusa.

"Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Madalla, madalla. Allah ya ba da sa'a. Ku tashi ku sa, ga alƙali yana jira."

Inuwa bai tashi ba. Tafin ƙafarsa na kan ƙasa, ƙasar da rana ta gasa tun safe, yana jin ɗuminta da kowace tsaga tata. Mako uku rabonsa da jin filin nan. Ya dubi takalman, ya dubi kujerar, ya dubi filin da ke shimfiɗe gaban tsohon daga wannan raga zuwa waccan. Sannan ya buɗe baki.

"Baba, a gafarce mu. Ba ma iya sa takalmi a gabanka."

"Ai kun gama gaisuwa. Ku sa ku shiga."

"Filin duk gabanka ne, Baba."

Wannan ce magana mafi tsawo da Inuwa ya taɓa yi wa surukinsa, kuma ba ta da wurin kamawa. Tsohon ba zai ce a daina girmama shi ba a gaban jama'a, ba kuma zai tashi ya tafi ba bayan ya sa an kawo kujera. Ya ƙura wa Inuwa ido, Inuwa ya ƙura wa ƙasa. Alƙali ya busa usur, mutum goma sha ɗaya suka ruga fili ƙafa ba komai, suka bar takalmansu a jere gaban mai su.

Dariyar akawuna ta fara tun kafin a taɓa ƙwallo. Mai farin wandon nan na bara ya yi kukan agwagwa, 'yan motarsu suka amsa. Baba Fannami ya ji, dariyar da ya je har Kano don ya kashe ta, ga ta an dawo masa da ita a kunne. Inuwa ya ga yadda tsohon ya damƙe hannun kujera, sai haushin da ya yi mako uku yana ji ya sami inda zai sauka. Minti goma da farawa ya ɗauke ƙwallo daga ƙafar mai kukan agwagwa da babban yatsa, ya wuce biyu, ya miƙa wa Bakari, Bakari ya narka ta a raga. Akawuna suka rama kafin hutu, suka kuma gane inda ciwo yake, suka shiga taka yatsu da gangan. Alƙali kuwa sai ya riƙa duban sama kamar mai neman wata. An tsaga wa Bakari farce, an taka Inuwa a kan tsohon ciwonsa har sau biyu. Saura kaɗan a tashi, Gwadabe ya bugo wata doguwa, Inuwa ya tare ta da ƙirji, ya juya, ya sa mata gefen ƙafa, sai ga ta a raga. Biyu da ɗaya aka tashi.

Jama'a suka ɓarke cikin fili, Malam Kolo ya zaro fensir ya rubuta abin da ya gani. Inuwa ya zame daga masu son ɗaga shi, ya nufi kujera ya durƙusa, yana jiran faɗan da ya san ya jawo wa kansa.

Baba Fannami bai dube shi ba. Takalmi ɗaya ke hannunsa, na Inuwa. Ya zura hannu ciki ya jawo tsumma, ya sake jawo wani, ya jawo curin auduga da jini ya bushe a kai har ya yi baƙi. Ya sake zura hannu, ya zare da sauri, ƙusa ta soke shi a yatsa. Ya daɗe yana kallon ɗigon jinin.

"Tun wasan farko?" ya ce.

"E, Baba."

"Dukanku?"

Inuwa ya ƙara sunkuyar da kai.

"Mako uku!" Muryar tsohon ta tashi har na kusa suka ja da baya. "Mako uku kuna zubar da jini a cikin kayana, mahauta sun sani, 'yan Guri sun sani, 'yata da na haifa ta sani, ni kaɗai ne ban sani ba! Ina Birniwa ina yi wa mutane alfahari, ashe dariya suke min a bayan ido. Ni dodo ne? Ko ba ni da ƙafa, da za a ce ban san ciwon ƙusa ba?"

Inuwa ya nemi haushin nan da ya kwana ashirin yana dafawa, don ya kare kansa da shi ko a zuci, bai same shi ba. Kunya ce kawai ta rage, ba kuma irin wadda ya saba ji gaban suruki ba.

Tsohon ya jefa takalmin kan 'yan'uwansa, ya goge yatsa a bakin riga, ya miƙe. Ya yi taku biyu, sannan ya tsaya, bai juyo ba.

"Asabar mai zuwa ina za ku buga?"

"Birniwa, Baba."

"To, a kai kujerata Birniwa. A ajiye ta a tsakiya, inda duk filin zai zama gabana."